Jagora ga Mai Shirin Gina Gida a Kan Gangare ko a Wurin da Ruwa Ke Kwanciya

A yawancin garuruwanmu cinikin fili ya fi kankama ne da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, kowane fuloti ya kwanta sumul a idon mai saye. Dillali ya nuna iyaka, a yi ciniki, mai unguwa ya sa hannu, a biya la'ada a watse. Sai watan Agusta ya kama sannan mutum ya gane cewa abin da ya saya tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko bakin ƙoramar da ba ta kawo ruwa sai sau biyu ko uku a shekara, ko kuwa gindin tudun da ruwan unguwa gaba ɗaya yake gangarowa a kansa. A lokacin kuwa an riga an zuba tushe, an ɗora bulo, kuɗin da aka daɗe ana tarawa ya shiga ƙasa.

Shekarun nan sun nuna mana abin da hakan ke jawowa. A 2022 ambaliya ta kashe mutane sama da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, musamman yankin Haɗeja da Ringim da Auyo. A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen watan Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja, ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa rayuka fiye da 150. Ba kowa ne yake da halin zaɓar fili a kan tudu mai kyau ba, domin tsadar ƙasa ita ce ke tura talaka zuwa kwari da bakin rafi. Saboda haka wannan jagora ba ta tsaya ga cewa kada a yi gini a irin waɗannan wurare ba. Tana bayyana yadda ake gane wurin da za a iya ginawa da wanda dole a haƙura da shi, da kuma matakan da ake bi a jere idan an yanke shawarar ginawa.

Mataki na farko: ganin filin da idon damina

Kada ka biya kuɗin fili sai ka gan shi bayan ruwan sama mai ƙarfi. Wannan shi ne bincike mafi araha, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a duk abin da zai biyo baya. Ka je washegarin ruwa, ka sake komawa bayan kwana biyu. Filin da ruwa ya tsane a kansa cikin 'yan sa'o'i daban yake da wanda ruwa ya kwana biyu yana kwance. Ka lura da inda ruwan ya shigo da inda ya fita, domin wannan hanya ita zai ci gaba da nema ko da ka gitta masa katanga.

Idan cinikin ba zai jira damina ba, ƙasa tana barin shaidar da mai lura zai karanta. Yashi mai laushi da ya kwanta a tsiri ɗaya alama ce ta wurin da ruwa ke gudu. Ledoji da karare da suka maƙale a rassan bishiya ko a jikin shinge suna nuna tsayin da ruwa ya kai. Baƙar ƙasa da ta tsattsage da rani laka ce da ke riƙe ruwa, kuma ciyayin fadama irin su kachala da jema ba sa fitowa a wurin da ba shi da danshi. Ka dubi katangun maƙwabta da kyau: layin da ruwa ya bari a jikin bango, gishirin da ke cin gindin bulo, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa fiye da yadda aka saba, da buhunan yashi da aka jibge a lungu, duk suna ba da labarin da mai sayarwa ba zai bayar ba. Ka leƙa rijiyar unguwar, ka tambayi inda ruwanta yake kaiwa a watan Satumba. Idan ana ɗiba da hannu ba tare da guga mai doguwar igiya ba, to ruwan ƙasa yana kusa da inda tushenka zai zauna.

Sannan ka nemi dattawan wurin, musamman manoman da suka noma filin kafin a yanka shi. Tambayar da za ka yi musu ba ta bara ba ce kaɗai. Ka tambaye su shekarar da ruwa ya fi yawa a saninsu, da inda ya tsaya a wannan shekara. Sunan unguwa ma yakan tona asiri, domin wurin da ake kira Fadama, ko Kwari, ko Bakin Gulbi, ko Tafki, ba a raɗa masa sunan don ado ba. A birnin Kano kududdufai da yawa da a da suke karɓar ruwan unguwanni an cike su an yi gini a kai, ruwan da suke sha kuwa bai ragu ba, sai dai ya koma cikin gidajen mutane.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne sanin abin da ke sama da kai, ko da yana da nisa. Mai fili a gaɓar Binuwai, daga Yola zuwa Makurɗi har Lakwaja, yana ƙarƙashin madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sakin ruwanta yana cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar 2012. Mai fili a kwarin Haɗeja yana ƙarƙashin Tiga da Challawa, mai fili a fadamar Rima kuma yana ƙarƙashin Goronyo, wadda ruwanta ya yi ɓarna a Sakkwato a 2010. Kano ma ta ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Hukumar nazarin ruwa ta Najeriya, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tare da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fitar da hasashen damina. Ya kamata a duba su, sai dai ba za su gaya maka halin fulotinka ba, domin a unguwa ɗaya layi ɗaya yakan nutse na gaba da shi ya tsira.

Mataki na biyu: binciken takardu

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi yake ba da haƙƙin zama a filayen birane, ƙananan hukumomi kuma suna ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya shaida tana tabbatar da cewa an sayar maka, amma ba ta tabbatar da cewa wurin na gini ne ba. Wannan bambanci shi ne ya kai mutane da yawa ga rusau. Filayen awon igiya, waɗanda masu gona suke yankawa da kansu ba tare da taswirar hukuma ba, su ne suka fi faɗawa cikin wannan matsala, domin mai yankan yakan ƙididdige hanyar ruwa a matsayin fuloti, ya kuma matse layuka ta yadda babu inda za a haƙa lambatu.

Ka kai lambar filin ko taswirarsa ofishin ƙasa na jiharka, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ka nemi a bincika maka shi a rubuce. Daga nan ka wuce hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka yi tambayoyi uku. Na ɗaya, me aka ware wurin domin shi a taswirar gari: gidaje, ko hanya, ko magudanar ruwa, ko fili da aka hana gini a kansa? Na biyu, wace tazara aka wajabta a bari tsakanin gini da bakin rafi, ko lambatu, ko kwari? Wannan tazara ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma tana ƙaruwa gwargwadon girman ruwan, saboda haka a karɓi adadin daga bakin hukuma, kada a karɓa daga bakin dillali. Na uku, bayan an cire wannan tazara da ta gefen titi, me ya rage na ginawa? Sau da yawa fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari da ke bakin rafi ba ya barin wurin da ya isa ɗaki biyu. A gaɓar manyan koguna irin su Kwara da Binuwai akwai kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda dokarta ta ba ta iko a kan tazarar mita 100 daga bakin ruwa.

A Jamhuriyar Nijar ofishin magajin gari ne yake ba da izinin gini, kuma darasin iri ɗaya ne. A 2020 kogin Kwara ya fasa shingayen kariya a Yamai, ya shiga unguwannin hayin kogi irin su Lamorde da Kirkisoye, a Maraɗi kuma gulbi da ƙoramun da ke zuba cikinsa suna cin gidajen da aka matsa da su bakinsu.

Ya kamata a faɗi gaskiya guda a nan: samun takardar mallaka, har ma da izinin gini, ba ya hana ruwa zuwa. An sha ganin unguwanni masu cikakkun takardu da suke nutsewa kowace damina. Takarda tana kare ka daga rusau da shari'a. Awo da tsarin gini ne suke kare ka daga ruwa.

Mataki na uku: awon gangare da gwajin ƙasa

Taswirar da safiyo ya saba yi ta iyaka ce kawai. A fili mai gangare ko mai kwanciyar ruwa ka nemi safiyo mai rajista da hukumar safiyoyi ta SURCON ya yi maka taswirar da ke nuna tudu da kwarin filin, tsayin titi, tsayin ƙasan lambatun da ke kusa, da kuma alamar da ruwa ya taɓa kaiwa idan an same ta. Ya kafa turke na kankare a wurin da ba za a taɓa ba, ya rubuta tsayinsa, domin daga wannan turke za a riƙa ɗaukar duk wani awo har a gama gini.

Kafin ka kira safiyo kana iya samun ƙiyasi da kanka da tiyon ruwa mai haske irin wanda magina ke daidaita bango da shi. Ka kafa turaku biyu, tazarar mita 10 a tsakaninsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka cika tiyon da ruwa, ka auna tsayin ruwan daga ƙasa a jikin kowane turke. Bambancin shi ne gangaren. Idan bambancin mita 1 ne a cikin mita 10, gangaren ya kai kashi 10 cikin ɗari. Ido yana raina wannan adadi, amma a fuloti mai tsawon ƙafa 100, wato kimanin mita 30, ma'anarsa ita ce ƙarshen filin ya fi farkonsa zurfi da mita 3, tsayin ɗaki guda ke nan. Gangaren da bai kai kashi 5 ba ƙwararren magini yana iya shawo kansa. Wanda ya haura haka yana bukatar tushe mai matakala da tsarin ruwa a rubuce. Idan kuwa ya wuce kashi 15, shawarata ita ce kada a sa diga a ƙasa sai injiniya ya zana komai, kuma mai gini ya sa a ransa cewa kuɗin gyaran filin yana iya kusantar kuɗin ɗakunan da kansu.

Gwajin ƙasa shi ne abin da masu ƙananan gidaje suka fi tsallakewa. Aƙalla a haƙa ramuka biyu ko uku masu zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu a wurin da ginin zai zauna, injiniya ya duba. Idan aka tarar da marmara ko jar ƙasa mai tauri, an yi dace. Idan aka tarar da leda, da toka, da tsumma, to ciko ne, kuma ciko na shara yana ci gaba da zama shekara da shekaru, bango ya riƙa tsagewa komai yawan simintin da aka sa. Idan baƙar laka ce irin wadda ake samu a sassan Borno da Adamawa da Gombe, ita tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga tushe tana sauke shi, saboda haka tana bukatar a zurfafa tushe ya wuce ta, ko a kwashe ta a maye gurbinta, ko a zuba tushen kankare mai faɗin ginin gaba ɗaya da rodi a ciki. Idan ramin ya tara ruwa da kansa a cikin dare, an san zurfin ruwan ƙasa ke nan. Ga gidan sama, gwajin ƙasa na ɗakin bincike wajibi ne, kuma hukumomi sukan nemi rahotonsa.

Mataki na huɗu: zanen gida a wurin da ruwa ke kwanciya

Tun ran gini tun ran zane. Adadi mafi muhimmanci a takardar zanen irin wannan gida shi ne tsayin daɓen ɗaki. A ɗauki alamar ambaliya mafi tsayi da aka sani, a ƙara aƙalla rabin mita a kanta. A kuma tabbatar daɓen ya fi titi tsayi sosai, domin duk lokacin da aka gyara hanya sai an ɗaga ta, kuma gidaje da yawa da aka gina daidai da titi yanzu sun koma rami, ana sauka cikinsu da matakala. Idan lissafi ya nuna cewa sai an ɗaga daɓe fiye da tsayin ƙugun mutum kafin a tsira, ko kuma ruwan da ke zuwa wurin mai gudu ne da ke ɗauke kaya, to wannan fili ba na kwana ba ne. A yi lambu a cikinsa. Ruwa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya nauyinsa tan guda ne, kuma ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kayar da babban mutum.

Daga tushe har zuwa saman alamar ruwa a yi amfani da dutse, ko bulo mai inci tara da aka cika da kankare, a ɗaure da ginshiƙai da zoben kankare mai rodi. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a layin da ke hana danshi hawa bango, wanda magina ke kira DPC. Ƙasar da za a cika tushe da ita ta zama jar ƙasa ko marmara mai tsabta, a zuba ta kaɗan-kaɗan, kaurin kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wata. Zuba tifa guda a lokaci ɗaya a bar wa damina ta danne shi ne ke sa daɓe ya lotsa bayan shekara biyu.

Wanda ƙarfinsa bai kai na bulo gaba ɗaya ba yana iya gina sama da tubali ko jar ƙasa, da sharaɗin gindin bangon ya zama na dutse ko siminti har ya wuce inda ruwa ke kaiwa, rufin kuma ya yi baki mai tsawo da zai kare bango daga feshin ruwa. Ginin ƙasa yana mutuwa ne ta gindi, inda danshi ke jiƙa shi har ya zauna. Ruwan sama kaɗai ya isa ya yi wannan aiki ba tare da kogi ba, kamar yadda aka gani a damina ta 2024 lokacin da tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe.

Sai ruwan rufinka. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana zuba lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Gida mai rufin murabba'in mita 150, idan aka yi ruwa mai milimita 50, zai zubar da lita 7,500, fiye da duro 37, a cikin sa'a ɗaya ko biyu. Dole zanen ya nuna inda wannan ruwa zai bi: indararo, kwata a tsakar gida, rariya mai faɗi a katanga, har zuwa lambatun waje. Ƙasar da ke kewaye da ginin ta gangara waje da kimanin santimita 15 a mita ukun farko. Kada a shafe tsakar gida duka da siminti. A bar wani ɓangare ƙasa ko tsakuwa ya sha ruwa. Kuma ba ya halatta, a shari'a ko a doka, mutum ya ɗaga filinsa ya juya wa maƙwabcinsa ruwa. Ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ta shafi kwata kamar yadda ta shafi ciniki. Katanga doguwa marar rariya tana zama madatsa, ruwa ya taru a bayanta har ya ture ta, kuma faɗuwar katanga tana cikin abubuwan da ke kashe yara da damina.

Masai da rijiya suna bukatar kulawa ta musamman, domin abin da ke biyo bayan ambaliya shi ne kwalara. A nisanta ramin masai daga rijiya da kimanin mita 30 idan fili ya bari, ya kasance a ƙasa da ita ta fuskar gangare, ƙasan ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Inda ruwan ƙasa yake kusa, a ɗaga masan sama a gina masa tanki marar yoyo. A ɗaga bakin rijiya da murfi, a kuma ɗaga mitar lantarki, da soket, da janareta sama da alamar ruwa.

Mataki na biyar: zanen gida a kan gangare

Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran katafila ta yanke tudu ta tura ƙasar zuwa ƙasa don a samu fili shimfiɗaɗɗe. Abin da ake samu shi ne rabin gida a kan ƙasa ta asali, rabi a kan ciko, bayan damina biyu sai ɓangaren cikon ya zauna, gida ya tsage a tsakiya. Abin da ya fi shi ne gida ya bi gangaren: a yi tushe mai matakala, kowane mataki a kwance daidai, kowanne ya hau kan na ƙasa da shi, kuma dukkansu su sauka a kan ƙasa ta asali. Idan gangaren ya yi yawa a raba gidan hawa-hawa, zaure da ɗakin baƙi a mataki ɗaya, cikin gida a wani.

Duk inda aka yanke ƙasa a tsaye sai an tare ta da bangon riƙe ƙasa, kuma wannan bango ba katanga ba ce. Bulo mai inci shida da aka jera ba ya riƙe tudu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya nauyinta ya kusa tan biyu. Bangon da ya wuce mita ɗaya da 'yan kai injiniya ne zai zana shi. Ko na dutse ne ko na kankare mai rodi, yana bukatar gindi mai faɗi, tsakuwa a bayansa, da ƙananan bututu a jere kusa da gindinsa da za su riƙa fitar da ruwa. Yawancin bangayen da suke kifewa ruwan da ya taru a bayansu ne yake ture su, kuma na sha ganin magini ya toshe waɗannan ramuka da filasta don bango ya yi kyau, bai san ya kashe aikin ba. Gajerun bangaye biyu ko uku a matakai sun fi dogo ɗaya aminci, sau da yawa ma sun fi shi araha.

A saman filin a haƙa kwata mai gicciye da za ta tare ruwan tudu ta zagaya da shi gefen gida. A shafe ta da kankare ko dutse, a yi mata matakai don rage gudun ruwan, a kuma zuba manyan duwatsu a inda take ƙarewa. Bakin kwatar da aka saki a kan rairayi ba tare da kariya ba shi ne mafarin kwari. Garin Gombe ya san wannan ciwo, inda zaizayar ƙasa ta haƙa kwaruruka da suka cinye gidaje har sai da aka shigo da manyan ayyuka irin na shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, wanda shirin ACReSAL ya biyo bayansa a jihohin arewa. Kada a yi gini a bakin kwari mai rai, wato wanda gefensa ke ci gaba da zubewa, ko a gindin dutsen da ke da sassaƙaƙƙun duwatsu a samansa. Ƙasar da aka tone a rufe ta da jema ko gamba a layuka masu bin gicciyen gangare, domin saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai tana ɗaure ta, kuma kada a sare bishiyar da ba ta tsaya a kan ginin ba.

Mataki na shida: izinin gini da tsarin aiki

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 da dokokin jihohi sun wajabta neman izini kafin a fara gini. Abin da aka saba nema shi ne takardar mallaka, taswirar safiyo, zanen gida mai hatimin mai zane da ke da rajista da ARCON, zanen ƙarfe da tushe mai hatimin injiniya mai rajista da COREN, rahoton nazarin wuri daga mai tsara birane mai rajista da TOPREC, shaidar biyan haraji, da rasit na kuɗin hukuma. Ga rukunin gidaje masu yawa akan nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli. A fili mai matsala ka haɗa da zanen magudanar ruwa da na bangon riƙe ƙasa ko da ba a tambaya ba, ka kuma nace jami'i ya zo ya ga wurin da idonsa. Duk kuɗin da za ka biya ya shiga asusun gwamnati ka karɓi rasit. Hatimin da aka samu ta bayan fage ba ya tsayawa ranar da aka zo da jan fenti.

Idan izini ya fito, a fara tono da farkon rani, daga Nuwamba, ta yadda tushe, da bangon riƙe ƙasa, da magudanai za su kammala kafin ruwan farko. Magudana ita ce aikin farko, ba ta jiran a gama fenti. Kankaren ginshiƙi da tushe kada ya gaza awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai dai idan injiniya ya rubuta wanda ya fi haka ƙarfi. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma kada a tura ƙasa a bayan bangon riƙewa sai ya yi ƙarfi, domin kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa. Injiniya ya duba rami kafin a zuba kankare, ya duba rodi kafin a rufe, ya kuma auna tsayin daɓe daga turken safiyo, domin magini da ke son rage ciko yana iya sauke layi biyu na bulo ba tare da mai gida ya lura ba.

Bayan an tare, aikin shekara-shekara ya rage. A watan Afrilu ko Mayu a yashe kwata da rariya, a buɗe bututun bangon riƙe ƙasa, a haɗu da maƙwabta a yi gayyar yashe lambatu da kwalbatin layi, tun da kwalbati ɗaya da leda ta toshe ya isa ya mayar da ruwa cikin gida ashirin. A duba bango: tsaga mai gicciye da ke ƙara faɗi, ƙofar da ta fara cijewa, ko katangar da ta karkata, alamu ne na ƙasa tana motsi, kuma suna bukatar injiniya kafin damina ta yi nisa. A ajiye takardun fili da na makaranta a cikin leda a wuri mai tsayi, kowa a gidan ya san tudun da za a nufa da hanyar da za a bi cikin dare, kuma idan hukumar agajin gaggawa ta jiha ko NEMA ta yi shelar a tashi, a fitar da yara da tsofaffi tun ruwa bai kai bakin zaure ba.